Karan ɗori, alhamza da haruffa masu ƙugiya: matsayin alamomin rubutu a littattafan jagorar kwamfuta

A Gauraka, garin da ke bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna kusa da Suleja a Jihar Neja, kamar a sauran garuruwan da suka kewaye babban birnin tarayya, akwai masu cin abinci da na'ura: masu gyaran waya, masu shagunan buga takardu da cike fom ta intanet, da matasan da ke koyon harkar kwamfuta. Wanda ya daɗe a irin wannan sana'a ya san wata matsala da ba kasafai ake sanin sunanta ba. Mutum ya kwafo umarni daga littafin jagora ko daga saƙon da aka turo masa, ya liƙa shi a allon umarni, ya bi shi harafi bayan harafi bai ga kuskure ba, amma na'ura ta ce ba ta san zancen ba. Sau da yawa haruffan lafiyarsu lau. Mai laifin wani ɗan gajeren layi ne, ko wata 'yar alama a saman kalma, wadda ido ke gani daidai, na'ura kuwa take ɗaukar ta a matsayin wani abu dabam.

Wannan ƙaramin al'amari ya shafe shekaru yana ba marubutan littattafan jagora na babbar manhaja wahala. Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da na'urar gaba ɗayanta, irin su Windows da Linux da macOS da Android, littafin jagorarta kuwa shi ne inda ake bayyana kowane umarni da yadda ake rubuta shi. A labari ko wasiƙa, aikin aya da waƙafi shi ne sauƙaƙa wa mai karatu. A littafin jagora kuwa masu karatu biyu ne, mutum da na'ura, domin abin da mutum ya gani shi zai miƙa wa na'ura, ita kuma ba ta yin uzuri.

Asalin shafukan jagora

Mafi daɗewa a cikin irin waɗannan littattafai da har yau ake amfani da tsarinsu shi ne na Unix. Ken Thompson da Dennis Ritchie suka rubuta bugunsa na farko a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, ya fito a watan Nuwamba na 1971. Daga nan aka gaji abin da ake kira shafukan man, sunan da aka gutsuro daga kalmar Ingilishi mai nufin littafin jagora. Mai amfani da Linux ko macOS idan ya rubuta man ls, shafin da ke bayanin umarnin ls zai bayyana masa nan take, ba sai da intanet ba, abin da ke da daraja a inda kuɗin data ke cin aljihu. An kasa shafukan gida takwas: na 1 umarnin yau da kullum, na 2 da na 3 na masu rubuta manhaja, na 5 tsarin fayiloli, na 8 na masu kula da na'ura, da sauransu.

Tun farko Unix da aikin ɗab'i tare suka tashi. Ɗaya daga cikin ayyukan farko da aka yi da ita a Bell Labs shi ne shirya takardun sashen rajistar ƙirƙire-ƙirƙire, da wata manhajar tsara rubutu mai suna roff. Joe Ossanna ya faɗaɗa ta zuwa nroff da troff, ta biyun domin injin ɗab'i na gaske. A 1990 James Clark ya fitar da groff, wadda ita ce ke tsara shafukan man a galibin na'urorin Linux a yau.

A waɗannan shafuka siffar harafi ma magana ce. Abin da aka rubuta da harafi mai kauri, a buga shi yadda yake. Abin da aka rubuta a karkace, ko aka ja wa layi a ƙasa, gurbi ne da mai karatu zai cike da nasa, misali sunan fayil ɗinsa. Baka biyu mai kusurwa na nufin abin da ke ciki ba dole ba ne, ɗigo uku na nufin ana iya maimaitawa, sanda a tsaye kuma na nufin a zaɓi ɗaya cikin biyu. Marubucin da ya sa kauri a inda ya kamata ya karkata ya yi wa mai karatu ƙarya, ko da kowace kalma tasa gaskiya ce.

Layuka biyar masu kama ɗaya

Tsohon tsarin lambobin haruffa na ASCII, wanda ya fito a 1963, gurabe 128 kawai gare shi. Saboda ƙarancin wuri, alama ɗaya, mai lamba 45, ita aka ɗora wa aikin karan ɗori da alamar ɗebewa da dogon layin tsakiyar jimla, kamar yadda ake yi a tafireta. Ita ce wadda ke kan madannan kowace kwamfuta, kuma ita kaɗai ce umarni ke ganewa. A ls -l, wannan layin shi ke shaida wa na'ura cewa harafin da ke biye zaɓi ne, ba sunan fayil ba.

Masu ɗab'i kuwa ba su taɓa ɗaukar waɗannan alamomi abu ɗaya ba, kuma da tsarin Unicode ya zo a 1991 ya ba kowace lambarta. Karan ɗori na ainihi shi ne U+2010, alamar ɗebewa U+2212, matsakaicin layi U+2013, dogon layi U+2014, ga kuma tsohuwar alamar madannai U+002D. A ƙaramin allo biyu ko uku daga cikinsu ba sa rarrabuwa. Idan aka musanya ta madannai da karan ɗori na ainihi a ls -l, na'ura za ta shiga neman fayil mai wannan suna, ta dawo ta ce babu shi. Haka nan mai neman wani zaɓi a cikin dogon shafi ba zai same shi ba, alhali yana kallon sa.

A harshen roff an tanadi hanyar bambancewa tun da daɗewa. Marubuci idan ya buga - kawai, karan ɗori yake nufi. Idan alamar umarni yake so sai ya rubuta \- da layi mai jirkicewa a gabanta. Dubban marubuta ba su kiyaye wannan ba, kuma shekara da shekaru ba su ga illar hakan ba, domin groff tana rufa musu asiri: a allon umarni takan mai da duka biyun alamar madannai.

A watan Yuli na 2023 aka fitar da groff 1.23.0, aka janye wannan rufin asiri. Nan da nan shafuka masu yawa suka fara nuna karan ɗori a inda ake bukatar alamar umarni, muhawara ta ɓarke a tsakanin masu haɗa Debian, ɗaya daga cikin manyan rassan Linux kuma tushen Ubuntu. G. Branden Robinson, wanda ya yi mafi yawan aikin wannan fitowar, yana ganin shafukan ne ke da kuskure, su ya kamata a gyara, domin shafi ɗaya ake karantawa a allo kuma a buga a takarda. Waɗanda ke ɗaya ɓangaren suka ce shafukan sun yi yawa, marubutansu sun warwatsu a duniya, kuma kafin a gama gyara mai karatu ne zai sha wahala. Kafin shekarar ta ƙare Colin Watson, mai kula da groff a Debian, ya mai da tsohon tsarin a nasu reshen.

Kowane ɓangare yana da hujja, amma hukuncin Watson ya fi kusa da halin mai gyaran waya da mai kaya ke tsaye a kansa. Sai dai hukuncin bai wanke marubuta ba. Ƙa'idar rubutu ta aikin shafukan jagorar Linux, wanda Michael Kerrisk ya riƙe tun daga 2004 kafin Alejandro Colomar ya karɓa, har yanzu tana neman a rubuta \- a duk inda mai karatu zai kwafa.

Matsalar ba ta tsaya ga shafukan man ba. Manhajojin buga takardu irin su Word, da madannan wasu wayoyi, sukan mai da layi biyu a jere dogon layi ɗaya, su kuma lanƙwasa alamar zancen wani domin ado. Umarnin da ya bi ta cikinsu kafin ya iso hannun mai gyara yana iya isowa a lalace. Android a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta, kuma kayan aikin da masu gyara ke magana da waya da su daga kwamfuta, adb da fastboot, da irin wannan layin suke karɓar zaɓi.

Aya da sarari

A al'adar ɗab'in Amurka ana sa aya a cikin alamar zancen wani, ko da ba ta cikin abin da aka ɗauko. Marubutan littattafan kwamfuta da yawa sun yi watsi da wannan, kuma misalin da aka saba bayarwa na manhajar rubutu ta vi ne. A cikinta dd na goge layi ɗaya, aya kuwa na nufin a maimaita umarnin da ya gabata. Jagorar da ta sa aya a cikin alamar zance bayan dd ta sa mai biyayya ya goge layi biyu.

Sarari ma haka. A 2011 wata manhajar Linux mai suna Bumblebee ta fito da sarari guda da ya kutsa tsakiyar adireshin da aka ba umarnin gogewa. Maimakon wani ɗan lungu, sai umarnin ya share /usr, ma'ajiyar da mafi yawan manhajojin na'urar ke zaune, ga waɗanda suka yi rashin sa'ar girka ta.

Inda Hausa ta shigo

Duk wannan a Ingilishi ne, harshen da aka yanka ASCII daidai jikinsa. Mai fassara littafin jagora zuwa Hausa zai gaji waɗannan matsaloli, ya ƙara da nasa guda biyu.

Ta farko haruffa masu ƙugiya. Kafin su zauna, marubutan boko sun yi ta jeka-ka-dawo tsakanin ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi da rataya masa alama a gefe. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya wallafa ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, amma sai a shekarun 1930, zamanin Rupert East a hukumar fassara da talifi ta Zariya, ɓ da ɗ da ƙ suka samu gindin zama. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, sun ci gaba da aikin daidaitawa. Duk da haka tafireta ta Ingilishi ba ta da su, sai dai mai bugawa ya bi da alƙalami yana lanƙwasawa ko ya bar su haka, kuma wannan sakaci ya bi mutane har cikin kwamfuta da waya.

A hira ta yau da kullum mai karatu kan gane manufa daga yanayin magana. A littafin jagora ba a bar masa wannan dama ba, domin jimlolin gajeru ne, wani lokaci kalma ɗaya ce a kan maɓalli. Kare fayil tsare shi ne daga a taɓa. Ƙare aiki kawo shi ƙarshe ne. Kasa na nufin abu bai yiwu ba, ƙasa kuwa ko dai wurin da za a gangara a allo ko Najeriya da Nijar. Kafa da ƙafa, kulle da ƙulle, baki da baƙi, duk ƙugiya ce ta raba su. Gargaɗin da aka rubuta ba ƙugiya kafin a goge ma'ajiyar waya bai cika aikinsa ba.

Ta fuskar fasaha an daɗe da share hanya. Haruffan suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990, kuma tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson ɗin nan na Unix ya tsara tare da Rob Pike a 1992, ya sa ana iya ajiye su a fayil ɗaya da umarnin ASCII ba tare da an taɓa umarnin ba. Sai dai ba a unguwa ɗaya suke zaune ba. Ƙaramin ƙ, U+0199, da manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ suna rukunin ƙarin haruffan Latin, amma ƙananan ɓ da ɗ, U+0253 da U+0257, suna rukunin alamomin masana furuci. Shi ya sa ake samun zanen haruffa da ke da wasu ya rasa wasu, sai a ga ɗ ta fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma, ko akwati ya tsaya a gurbinta. Zanen Noto na Google, da Charis da Andika na ƙungiyar SIL, suna ɗauke da su duka. Tun zamanin Windows 7 akwai kunshin Hausa da tsarin madannai na Hausa, Linux ma tana da nata a ƙarƙashin Najeriya da Gana, haka madannan Gboard a waya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu kunna su.

Tarihin yankin Suleja kansa misali ne. Garin shi ne Abuja ta asali kafin ya bar wa sabon babban birni sunan, kuma Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihinsa da Hausa, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1952. Mai neman wannan aiki a rumbun intanet dole ya gwada Haɓe da Habe, ya gwada Na'ibi da Naibi, domin a wurin na'ura kowanne kalma ce mai zaman kanta sai in an koya mata akasin haka.

Alhamza

Sunan Na'ibi ya kawo matsala ta biyu, wadda ta fi ta ƙugiya sarƙaƙiya. A Ingilishi wannan alama ta rubutu ce kawai. A Hausa baƙi ce mai cikakken matsayi, ita ce a sa'a da ma'ana da jama'a, kuma ita ce rabin harafin 'y a Najeriya, wanda a Nijar ake rubutawa ƴ. A kwamfuta kuwa akalla alamomi uku ke takarar wannan gurbi: miƙaƙƙiya ta madannai, U+0027; lanƙwasassa ta rufe zancen wani, U+2019; da wadda Unicode ta ware a matsayin harafi domin harsuna masu irin wannan sauti, U+02BC. Akwai ma ta huɗu da ke shigowa ba gayyata. Idan kalma ta fara da alhamza, kamar 'yan ko 'ya'ya, manhajar buga takardu kan zaci an buɗe zance ne, sai ta juya alamar ta fuskanci ɗaya gefen. Duk mai karanta jaridu da takardun Hausa ya ga wannan, ko bai lura ba.

A allon umarni miƙaƙƙiyar alamar tana da aiki na musamman, ita ke buɗe zance ta rufe. Wanda ya sa wa fayil suna ma'aikata, ya zo ya rubuta sunan a cikin umarni yadda yake, zai ga na'ura ta yi shiru tana jira, domin a ganinta an buɗe zance ba a rufe ba. Dole sai ya kewaye sunan da alamar zance mai biyu, ko ya sa layi mai jirkicewa kafin alhamzar. Masu cike wa jama'a fom sun san 'yar uwar wannan matsala, inda wasu shafuka ke ƙin karɓar Sa'adatu ko Mu'azu sai an cire alamar, sunan mutum ya koma iri biyu a takardunsa.

Tarko mafi ɓoyuwa yana cikin roff kanta. A wannan harshe duk layin da ya fara da aya ko da miƙaƙƙiyar alhamza ba rubutu ba ne, umarni ne ga manhajar tsarawa, kuma idan ba ta san umarnin ba sai ta tsallake layin, galibi ba tare da ta ce uffan ba. Ƙa'idar shafukan Linux kuma ta ce kowace jimla ta fara a sabon layi, shawarar da Brian Kernighan ya bayar tun 1974 domin sauƙaƙa gyara. Idan aka haɗa biyun, mai fassarar da ya fara jimla da 'Yan ko 'Yar zai buɗe shafinsa ya tarar layin ya ɓace ɗungurungum. Marubucin Ingilishi zai iya shekara ashirin bai faɗa wannan rami ba, Bahaushe kuwa a shafinsa na farko zai iya faɗawa. Maganin yana da sauƙi ga wanda ya sani: a sa \& a farkon layin, ko a yi amfani da U+02BC, ko ƴ, waɗanda roff ba ta ɗauke su umarni ba.

Sauyin 2023 ya taɓa wannan alama ita ma, domin a sabon tsarin miƙaƙƙiyar alhamza a cikin rubutu takan fito a lanƙwashe. Ke nan kalmar Hausa ɗaya, a shafi ɗaya, tana iya fitowa da alama iri ɗaya a wani reshen Linux, ta fito da wata a wani, kuma mai bincike ya same ta a nan ya rasa ta a can.

Abin da ke gaban masu fassara

Fassarar shafukan jagorar Linux ta fi yawa a harsunan Turai da na gabashin Asiya, Bahaushe kuwa a yau da Ingilishi yake karanta su. Wannan jinkiri yana da amfani guda: waɗanda suka riga suna fama da gyaran dubban tsofaffin shafuka, Hausa kuwa tana iya yanke shawara kafin shafukan su taru. Ƙa'idojin rubutu na makaranta, da ayyuka irin su Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, sun warware yadda ake rubuta kalma da inda ake raba ta. Tambayar wace lamba ce alhamza a cikin na'ura sabuwa ce, kuma amsarta na bukatar masanin harshe da masanin manhaja su zauna a tabarma ɗaya.

Hujja ta fi ƙarfi a wajen U+02BC a cikin bayani, tunda harafi ce, ba ta buɗe zance, ba ta haɗiye layi, kuma manhajar ado ba ta juya ta. Rauninta shi ne ba ta kan madannan da yawancin mutane ke amfani da su, don haka wanda ya nemi kalma da miƙaƙƙiyar alama yana iya rasa ta sai in manhajar bincike ta ɗauki ukun abu ɗaya. A cikin umarni da misalai kuwa babu zaɓi: sunan umarni da zaɓuɓɓukansa ba a fassara su, ba a yi musu ado, kuma sunan fayil na misali gara a zaɓi kalmar da ba ta da alhamza. Kafin a saki shafi, wani ya kwafi kowane misali daga allo, ba daga rubutun asali ba, ya liƙa shi a na'ura ya ga ko ya yi aiki, sannan ya nemi kalma mai ƙugiya da mai alhamza da madannan da mai shago a Gauraka ke da su.